Minti ukun farko na fim: abin da ake faɗa maka kafin kowa ya buɗe baki

Yau zan fara da tonon asirin kaina, don abin da za mu tattauna a kai ta hanyar jin kunya na koye shi.

Shekarun baya ni da abokaina uku muka haɗa wani ɗan gajeren fim da waya, minti goma sha biyu. A niyyarmu fim ɗin ban tsoro ne: wani saurayi ya kama hayar ɗakin da aka ce wani ya mutu a ciki, dare ya yi, abubuwa suka fara faruwa. Muka gama, muka tara 'yan unguwa a zauren gidan su abokina, muka jona waya da talabijin. Wallahi minti ɗaya ba a yi ba aka fara ƙyalƙyala dariya. Lokacin da aljanin ya fito kuwa, wani har da faɗowa daga benci. Ni ina can baya na rasa inda zan sa kaina. Da aka watse sai na ɗora laifin a kan wanda ya fito a aljanin, na ce hodar da ya shafa ce ta yi yawa. Mun kusa ɓatawa a kan maganar nan.

Sai daga baya, da na zauna na sake kallo ni kaɗai, na gane tun kafin aljani ya fito mun riga mun faɗi. Ga yadda muka buɗe fim ɗin: rana tsaka, haske ko'ina, jarumi ya rataya jaka yana tafe a layi, kyamara a tsaye daga nesa ana ganin kowa da komai, a ƙasa kuma wani kiɗa mai tsalle-tsalle da muka sauke kyauta daga intanet. Ga akuya ta ratsa ta gabansa. To don Allah duk wanda ya tashi yana kallon finafinan marigayi Ibro, me wannan hoton ya faɗa masa? Camama ce za ta zo. Mu da kanmu muka ba su izinin dariya, kuma mutumin da ya fara dariya a minti na ɗaya ba ka isa ka tsorata shi a minti na takwas ba.

Kowane fim haka yake. Fitowar farko alkawari ce tsakanin darakta da mai kallo: ga irin abin da za ka gani, ga yadda za ka zauna, ko ka saki jiki ko ka ɗaure. Kuma yawanci ba da magana ake yin alkawarin ba. Da abin da kunnenka ya ji ake yi, da inda aka ajiye kyamara, da wurin da aka fara nuna maka.

Bari mu fara da kunne, don ni a ganina shi ya fi ƙarfi, kuma shi aka fi rainawa.

Akwai fim ɗin The Shining na Stanley Kubrick, wanda ya fito a 1980. Yana buɗewa da hoto daga sama, an ɗauka da jirgi mai saukar ungulu: tafki, duwatsu, dogayen bishiyoyi, da wata 'yar ƙaramar mota rawaya ƙirar Volkswagen, irin mai ƙusumbin nan, tana bin hanya mai lanƙwasa. A jihar Montana ta Amurka aka ɗauki wurin. Idan ka kashe sauti, tallar yawon buɗe ido kake kallo, har ka ji kana sha'awar zuwa. Kunna sautin kuma. Wani kiɗa ne mai nauyi yake jan ƙafa, an gina shi a kan tsohuwar waƙar coci da Turawa suka saba ji a wajen jana'iza, ga wasu muryoyi can ciki kamar kuka kamar ihu. Nan take motar ta koma abin tausayi. Kyamarar da ke bin ta daga sama ta daina zama mai nuna maka kyan ƙasa, ta zama wani abu da ke bibiyar mutanen cikin motar. Ba a nuna fuskar kowa ba, ba a zubar da jini ba, amma jikinka ya riga ya san ba lafiya.

Ga abin da ya fi burge ni. Bayan shekara biyu, a 1982, masu fim ɗin Blade Runner suna neman hoton da za su rufe fim ɗinsu da shi, ƙarshe mai daɗi, jarumi da budurwarsa sun tsira sun bar gari. Sai aka karɓo ragowar hotunan saman nan da Kubrick bai yi amfani da su ba, aka sa a ƙarshen fim ɗin da aka kai sinima. Duwatsun su ne, bishiyoyin su ne. A fim ɗaya suna nufin halaka na gaba, a ɗayan suna nufin an huta. Kiɗa ne da abin da ya gabata suka raba su.

Wani lokacin kuma cire kiɗan ne aikin. Duk wanda yake son ya ga ƙarshen ƙwarewa a wannan, ya nemi Once Upon a Time in the West na Sergio Leone, ɗan Italiya, fim ɗin kaboyi na 1968. Ku ba ni dama in ɗan daɗe a nan. Tashar jirgin ƙasa ce a tsakiyar fako, ba gida gaba ba gida baya. Mutum uku sanye da dogayen riguna masu ƙura suka shigo, suka kulle tsohon da ke kula da tashar, suka zauna jiran jirgi. Shi ke nan fa. Sama da minti goma ana jira, magana ba ta taka kara ta karya ba, kiɗa babu ko ɗis. Abin da kake ji kawai: wata fankar jawo ruwa da iska ke juyawa tana ƙiiƙ-ƙiiƙ ba ta gajiya. Na'urar tangaraho tana ƙwas-ƙwas har ɗayansu ya gaji ya tsinke wayoyinta. Ruwa yana ɗiga daga tanki a kan ɗaya, maimakon ya matsa sai ya sa hularsa, ruwan ya ci gaba da ɗiga a kan hular, daga baya ya cire ya shanye abin da ya taru. Ɗaya yana ƙwanƙwasa 'yan yatsunsa. Ɗaya kuma ƙuda ya dame shi a fuska, ya yi ta fama har ya kama shi a cikin bakin bindigarsa, ya toshe da yatsa yana sauraron kukansa yana murmushi.

Kyamarar kuma abu biyu take yi. Ko ta ja can baya ka ga mutum ƙanƙani a cikin fili mara iyaka, ko ta matso har ka ƙirga gumin da ke fuskarsa. Tsakiya ba ta cika tsayawa ba. Kafin jirgin ya iso ka riga ka fahimci dokar wannan duniyar: babu hukuma a nan, mutane ba sa yawan magana, kuma wanda ya fi haƙuri shi ke rayuwa. Sai ƙarar jirgi ta tsaga shirun kamar an mare ka. Jirgi ya tsaya, ba wanda ya sauka, ya tashi. Sun juya za su tafi sai aka ji busar hamonika daga ɗaya gefen layin dogo, Charles Bronson na tsaye. Harbin da ya biyo baya daƙiƙa kaɗan ne. Minti goma na jira, ƙiftawar ido na wuta. Duk fim ɗin a kan wannan ma'aunin yake tafiya, kuma tun a tashar aka koya maka shi.

Iyayenmu da suka cika gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos suna kallon Indiya sun san ɗan'uwan wannan buɗewar ko da ba su san sunan Leone ba. Sholay na Ramesh Sippy, 1975, shi ma da jirgin ƙasa yake farawa yana shigowa wata ƙaramar tasha, mutum ya sauka, aka hau dawakai aka ratsa ƙasa mai manyan duwatsu, kiɗan R. D. Burman na tafe da jita da fito. Mai kallo a Indiya ya saba a fara masa da gida da uwa da addu'a. Nan aka fara masa da doki da dutse da ƙura, wato an ce masa yau labarin 'yan fashi ne da ramuwar gayya.

To mu koma kan kyamara. Tambayar da nake so ku riƙa yi a duk fitowar farko ita ce: idon wa aka ba ni?

Jaws na Steven Spielberg, 1975, yana farawa a ƙarƙashin ruwa. Kyamara tana kutsawa cikin ciyayin teku, John Williams yana buga sauti biyu kacal, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, suna ƙara sauri. Ba ka ga kifin ba, domin kai ne kifin. Idonsa aka ara maka. Sai a yanke zuwa bakin teku da dare, samari da 'yan mata sun kewaye wuta suna hira, wata yarinya ta tashi da gudu ta faɗa ruwa. Aka sake mayar da kyamara ƙasa, tana kallon ƙafafunta daga can ciki, sautin nan biyu ya dawo. Kai mai kallo ka san abin da ita ba ta sani ba, kuma ba ka da bakin faɗa mata. Tsoron ke nan. Abin dariyar shi ne, kifin roba mai inji da suka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri lokacin ɗauka, dole ta sa aka rage nuna shi. Matsalar kayan aiki ta zama ƙarfin fim ɗin. Mu da muke kukan ba mu da kuɗin yin aljani mai kyau, da mun san wannan da ba mu shafa wa bawan Allah hoda ba.

John Carpenter ya ɗauki dabarar ya kai ta wani wuri a Halloween, 1978. Kyamara tana tafiya kamar mutum, ba yankewa a ido: ta leƙa taga daga waje, ta zagaya ta shiga ta ƙofar baya, hannu ya ɗauki wuƙa a kicin, aka hau bene, aka sa abin rufe fuska har hoton ya koma ramuka biyu na ido, kana jin numfashi. Mintuna kana cikin jikin mai kisa ba ka san ko wane ne ba. Da aka fito waje aka cire masa abin fuskar, sai ga yaro ɗan shekara shida. Tun daga nan duk lokacin da kyamara ta laɓe bayan labule ko bishiya tana kallon wani daga nesa tana ɗan motsi, mai kallo ya san akwai mai leƙe.

Sauran misalan zan bi su da sauri. A Saving Private Ryan, 1998, bayan ɗan gajeren ziyarar maƙabartar sojoji a Faransa, sai a jefa ka saukar sojojin Amurka a gaɓar Normandy ranar 6 ga Yuni, 1944. Kyamara a hannu take tana rawa, ruwa da jini suna fantsama a gilashinta ba a goge ba, launi an kashe shi, kiɗa babu. Da bam ya tashi kusa da Tom Hanks sai sautin duka ya toshe kamar kunnenka ne ya mutu. Wannan ya ce maka fim ɗin yaƙi ne, amma ba irin wanda jarumi ke harbe ɗari yana murmushi ba. Star Wars kuma, 1977, ƙaramin jirgin sararin samaniya ya wuce ta saman kanka, sai wani ƙato ya biyo shi, yana ta wucewa yana ta wucewa kamar ba zai ƙare ba. Ba ka buƙatar a ce maka wane ne mai ƙarfi wane ne abin tausayi. La La Land na 2016 ya fara da cunkoson motoci a kan gadar Los Angeles, mutane suka fito daga motocinsu suna waƙa da rawa. An sanar da kai tun da wuri cewa a wannan duniyar ana yin haka, don kar ka zo minti na arba'in kana tambayar me ya sa suke waƙa. Mu masu kallon Indiya da Kannywood wannan ba ya ba mu mamaki, amma Baturen yau sai an lallaɓa shi.

Saura wuri. Wurin da aka fara nuna maka yakan ɗauki rabin labarin a kansa.

Na san da yawa a cikinku kun kalli Dilwale Dulhania Le Jayenge, na 1995, wasu ma ba sau ɗaya ba. Amma ku tuna da wa aka fara. Shah Rukh Khan bai fito ba tukuna, Kajol ma haka. Amrish Puri ne, uban yarinyar, yana watsa wa tantabaru hatsi a tsakiyar Landan, gari ya yi toka-toka, yana zancen zuci a kan ƙasarsa. Sai hoto ya koma gonakin Punjab, fure rawaya iya ganinka, mata na rawa da kaya masu launi. Fim ɗin soyayya ne, e, amma an fara da kewar uba. An faɗa maka ke nan cewa abin da zai tsaya tsakanin masoyan ba wani bos ba ne mai bindiga, wannan dattijon ne da alkawarin da ya ɗauka a gida, kuma ba za ka iya tsanarsa gaba ɗaya ba tunda da idonsa ka fara ganin duniyar. Duk wanda ya tsallake minti biyar ɗin nan don ya kai wajen waƙa, ƙarshen fim ɗin a tashar jirgi ba zai taɓa shi yadda ya kamata ba.

Parasite na Bong Joon-ho, daga Koriya ta Kudu, 2019, hotonsa na farko taga ce a daidai ƙasan titi, safa na rataye tana shan iska. Gidan rabinsa a cikin ƙasa yake. Kyamara ta sauko ƙasa a hankali ta sami saurayi yana neman intanet ɗin maƙwabta na kyauta a wayarsa. Ka yi dariya, don kai ma ka taɓa yi. Amma lura da cewa motsin farko na kyamarar sauka ne. Fim ɗin gaba ɗaya hawa da sauka ne, masu kuɗi a kan tudu, talaka a rami, har ruwan sama ma ya san inda yake gangarawa.

Yanzu wani zai ce, to idan buɗewa alkawari ce, ba a saɓawa? Ana saɓawa, amma sai wanda ya iya ɗaukar alkawarin tukuna. Alfred Hitchcock a Psycho, 1960, ya fara da birnin Phoenix da rana, kyamara ta shiga ta tagar otal ta sami masoya biyu da matsalar kuɗi ta hana su aure. Matar, Janet Leigh, ta gudu da dala 40,000 na wajen aikinta. Kai ka zauna kallon fim ɗin sata, za a kama ta ko ba za a kama ta ba. Kafin a kai rabi sai fim ɗin ya juye ya zama wani abu dabam. Sai dai kiɗan goge mai kaifi da Bernard Herrmann ya sa tun ana rubuta sunaye ya riga ya yi maka gargaɗi, kai ne ka bi ido ka bar kunne. Hitchcock ya damu da farkon nan har ya sa gidajen sinima suka hana kowa shiga bayan an fara, a zamanin da mutane suka saba shigowa duk lokacin da suka ga dama. Scream na 1996 ma ya yi irin wannan wasan: Drew Barrymore, wadda ta fi kowa suna a cikin 'yan wasan, tana gida ita kaɗai tana soya gugguru, waya ta yi ƙara, hira ta fara kamar wasa. Kafin minti goma sha biyar an gama da ita. Daga nan ka san babu wanda sunansa zai cece shi.

A nan ne nake da ɗan ƙorafi a kan namu na gida, kuma da ƙauna nake yinsa. Tunda kyamarar diron ta yi araha, finafinai da shirye-shirye masu dogon zango da yawa hoto ɗaya suke farawa da shi: gari daga sama, gada, motoci, sai get ɗin wani katafaren gida, mai gadi ya buɗe. Soyayya haka, rikicin gado haka, na 'yan daba ma haka. Hoton yana da kyau, ba musu, amma bai faɗa mini komai ba sai cewa furodusa ya yi hayar diron. Alhali muna da abubuwan da kunnen Bahaushe yake fassarawa nan take. Guɗa daga cikin gida, ka san biki ne. Takalma sun cika ƙofar zaure, maza zaune a tabarma ba mai magana, ka san an yi rashi. Algaita da tambari, sarauta. Ƙarar babura da yawa daga nesa da tsakar dare a ƙauye, a yanzu ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ko ɗaya a cikin waɗannan ba ya cin kuɗin hayar jirgi.

Mu dai bayan wata biyu muka sake ɗaukar minti ɗaya da rabi na farkon fim ɗinmu, sauran ba mu taɓa ba sai fuskar aljanin da muka yanke, muka bar inuwarsa kawai. Muka jira bayan magariba. Muka ajiye wayar a cikin ɗakin, a ƙasa, bayan ƙofa, ta yadda za ka ga saurayin ta tsagar ƙyaure yana fama da kwaɗo daga waje, kamar wani na ciki yana jiransa. Kiɗan muka goge shi gaba ɗaya. Abin da ya rage kukan gyare ne, da janareton maƙwabta can nesa, sai muka sa janareton ya mutu daidai lokacin da kwaɗon ya buɗe.

Muka sake tara mutane a zauren nan, har da wanda ya faɗo daga benci. Ba zan ce muku fim ɗin ya zama abin kirki ba, wasan namu har yanzu na 'yan koyo ne, kuma a wajen minti na tara an ɗan yi dariya. Amma lokacin da janareton ya ɗauke, zauren ya yi tsit, sai na ji ƙanwar abokina daga bakin ƙofa tana cewa, "Yaya, don Allah a kunna fitila."

Sai mun haɗu a shiri na gaba.